Sanƙarau Ya Tafi Da Jina, Na'ura Ta Dawo Mini Da Wani

Sauti na ƙarshe da na ji da kunnuwan da Allah ya halicce ni da su shi ne ƙarar rufe ƙofar motar da ta kai ni asibiti. A watan Maris na 2017 ne, cikin bazara, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Shekarata 31, ina koyar da kimiyyar halittu a wata sakandaren 'yan mata, ina da 'ya'ya uku, autar tana wata takwas. Ciwon kai ya fara ranar Talata, kafin Alhamis wuyana ya sanƙare, ko haske ba na iya kallo. Kwana biyar ban san inda kaina yake ba.

Da na farfaɗo na ga bakin Inna yana motsi a kaina. Na ɗauka raɗa take yi saboda sauran majinyata. Can sai kwanon silba ya suɓuce wa wata mai jinya ya faɗi a siminti, kowa a ɗakin ya zabura, ni kaɗai ban motsa ba. Inna ta dubi kwanon, ta dube ni, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

Mutane suna zaton kurma yana zaune ne cikin shiru. Ni dai ban ga shirun ba. Wani ƙugi ne a cikin kaina dare da rana, kamar injin niƙa a bayan katanga, kuma babu inda zan tsere masa. Ga jiri. Ciwon bai tsaya kan ji ba, ya taɓa sashen cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki, shi ya sa na koma tafiya ina dafa bango. Da rana ido yana taimako. Da dare, ko a kan rairayi, sai in riƙa tangaɗi. Har yau ba na fita tsakar gida da duhu ba tocila.

Gida ya koma na takarda da biro. Maigidana ya sayo littafin rubutu ya ɗaure masa biro da zare. Inna ba ta yi boko ba, sai ta riƙa rubuta mini da ajami, kalma biyu ko uku, in ta gaji ta kama hannuna kawai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan dubiya su zauna gabana suna maganata kamar ba na wurin. Ba na jin su, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Da dare nakan kwanta da tafin hannuna a kan cikin jaririyar, don in ta yi kuka in ji motsinsa a hannu.

Wata biyu muka ɓata a kan magungunan da kowa ya kawo: man zaitun, man shanu mai ɗumi, hayaƙi, ruwan wani ganye da ake ɗigawa. Ba na zargin kowa, ƙauna ce ta sa. Amma wata biyun nan sun kusa rufe mini ƙofa, kuma ga dalili.

Sauti in ya shiga kunne yakan kaɗa fatar dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa shi ga wata gaɓa mai siffar katantanwa, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, a naɗe sau biyu da rabi, cike da ruwa. A cikinta akwai dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, su ne ke juya girgizar sauti zuwa saƙon lantarki su ba jijiyar ji, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. In sun mutu ba sa sake tsirowa. Sanƙarau yana kashe su, sannan ya bar wata ɓarnar a baya: ramin katantanwar yakan fara cikewa da tsoka mai tauri, daga baya ta zama ƙashi. Wannan na iya farawa cikin 'yan makonni. In ramin ya toshe, babu inda likita zai zura zaren na'ura. Don haka duk wanda ya tashi daga sanƙarau, babba ko yaro, a gwada jinsa kafin a sallame shi ko da zarar an sallame shi, kada a jira a ga ko zai dawo da kansa.

A Kaduna aka yi mini cikakken gwaji. A ma'aunin ƙarfin sauti, hirar yau da kullum tana kaiwa kamar desibel 60. Ni sai an haura 100 nake jin wani abu, shi ma girgiza ce ba sauti ba. An gwada mini na'urar ƙara sauti irin wadda tsofaffi ke sawa, ba ta yi komai ba, domin ita ƙara murya kawai take yi, kuma ƙwala sallama ba ta amfani in babu kowa a gidan. Hotunan cikin kai da aka ɗauka da injin CT da na MRI suka nuna kunnen hagu ya riga ya yi nisa da toshewa, na dama kuwa da sauran hanya. Likitan ya rubuta mini a takarda: dashen na'urar ji, a kunnen dama, kuma da wuri.

Kuɗin da dala ake lissafa shi. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen aurena, maigidana ya sayar da gonar gado, 'yan'uwa da abokan aiki suka yi karo-karo. Wasu sun ce masa asara zai yi, ya haƙura da ƙaddara. Ya karanta damuwar hakan a fuskata kafin in tambaya, ya ɗauki littafin ya rubuta, "Maman yara, gona ake sayarwa a sayi wata." Na ajiye shafin har yanzu.

A Indiya aka yi aikin, cikin watan Satumba. Mako biyu kafin nan an yi mini allurar rigakafin ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu, domin mai dashe ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa. An aske ɗan wuri bayan kunne, an sa ni barci, aikin ya ɗauki wajen awa uku. Likitan yakan tsaga bayan kunne, ya huda ƙashin da ke wurin, ya bi ta wani ɗan siririn lungu kusa da jijiyar da ke motsa fuska har ya isa katantanwa. A ƙarƙashin fatar kai yake kwantar da ɓangaren ciki, mai ɗauke da mayen ƙarfe, daga jikinsa kuma wani zare mai laushi ya shiga cikin katantanwar. A jikin zaren akwai 'yan ƙananan ƙarafa a jere, ni tashoshi nake ce musu. Manyan kamfanonin da ke ƙera na'urar uku ne: Cochlear na Ostireliya mai tashoshi 22, Advanced Bionics na Amurka mai 16, da MED-EL na Ostiriya mai 12. Yawan tashoshi ba shi ne yawan ji ba. Ni sai da likitan ya ɗan fafe sabon ƙashin da ya fara tsirowa a bakin ramin kafin zaren ya shige.

Na farka da ƙaton naɗi a kai, da jiri, da ɗanɗanon ƙarfe a gefen harshe na dama, saboda jijiyar ɗanɗano ta ratsa ta wurin da aka yi aikin. Shayi ya koma kamar an wanke tsabar kuɗi a ciki. Ya ɗauki wata uku kafin ya wuce. An hana ni face majina da ƙarfi, da ɗaukar kaya mai nauyi, da jiƙa wurin ɗinki. Kuma har lokacin ban ji komai ba. Wannan yana ba dangi mamaki, suna bugo waya suna tambaya ko na fara ji. Ɓangaren ciki ba shi da batir, ba ya yin komai shi kaɗai. Sai kumburi ya saɓe, bayan mako uku zuwa huɗu, a ɗaura ɓangaren waje: wata 'yar na'ura da ake ratayawa a kunne, mai makirfo da batir, da gajeriyar waya da ta haɗa ta da wani ɗan faifai. Faifan ne ke mannewa a kai ta hanyar mayen ƙarfe, ya tura wuta da saƙo ta cikin fata.

Na sha kallon bidiyon ranar kunna na'ura a Facebook, inda mutum ke fashewa da kukan murna ya rungume 'yan'uwansa. Nima na yi kuka, amma ba na murna ba. Matar da ke saita na'urar ta haɗa ni da kwamfuta, ta riƙa kunna tashoshin ɗaya bayan ɗaya. A kowace tasha abu biyu take nema: mafi ƙarancin wutar da zan fara jin wani abu, da mafi yawan da zan iya ɗauka ba tare da ya dame ni ba. Ina nuna mata da yatsa a kan wani kwali mai zanen tsani. Da ta gama ta buɗe duka, ta yi wa maigidana alama ya yi magana. Na ga bakinsa ya ce, "Kina ji na?" Abin da ya shigo kaina kuwa shi ne tsit-tsit-tsit, kamar 'yan tsaki a cikin gwangwani. Muryarsa, da muryarta, da jan kujera, da tarina, duk abu guda. Na tuna gonar, gwiwata ta yi sanyi.

Ta rubuta mini cewa haka kowa ke farawa. A lokacin na ɗauka lallashi ne. Daga baya na gane dalilin. Katantanwa a jere take kamar tsani: bakinta na siraran sautuka ne, can ƙuryarta na masu kauri. Zaren ba ya kaiwa ƙurya, don haka kaurin muryar namiji ana sauke shi ne a mazaunin siririn sauti. Sannan aikin da dubban ƙwayoyi ke yi an danƙa shi ga tashoshin da ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma wutar kowace tana malala ta taɓa ta maƙwabciyarta. Ƙwaƙwalwa ce za ta koyi fassara wannan sabon yare, kuma ba a rana ɗaya ba.

A zama na biyu, da aka ƙara wuta, sai fatar idona na dama ta fara rawa duk lokacin da aka yi ƙara. Wutar wasu tashoshi ce ke tsallakawa ta taɓa jijiyar fuska, abin da ya fi faruwa ga waɗanda ƙashi ya tsiro musu, domin sun fi buƙatar wuta mai yawa. Aka kashe tashoshi biyu, aka rarraba aikinsu ga sauran, rawar ta tsaya. Duk wanda ya ga haka, ko ya ji zafi ko tsira a maƙogwaro in an yi sauti, ya faɗa, gyaransa a kwamfuta yake. Kada ya daure.

Mako shida muka yi a can, aka yi saiti sau huɗu. Kafin mu taho ta zuba mini tsari huɗu a na'urar, kowane ya ɗara na bayansa ƙarfi, ta ce in wanda nake kai ya fara yi mini ƙasa-ƙasa in hau na gaba. A watannin farko jijiya tana sabawa, abin da ya yi ƙara yau bayan mako biyu ya zama raɗa. Ƙa'ida ita ce a koma saiti bayan wata ɗaya, da uku, da shida, da shekara, daga nan sau ɗaya a shekara. A nan muka yi kuskuren da ya fi kowane. Mun yi lissafin tiyata da jirgi da masauki, ba mu tambayi wanda zai ci gaba da saita mini a gida ba. Kowane kamfani da manhajarsa da wayar haɗinsa, ba kowane masanin ji ke da su ba. Cikin wata uku na cinye tsarin nan huɗu, na zauna wata biyar da saitin da ya yi mini kaɗan, ina zaton na'urar ce ta lalace ko kunnen ne ya ƙara mutuwa. Da muka samu mai yi, tafiyar yini guda ce a mota, zaman awa ɗaya ya dawo mini da abin da na rasa. Da za a mayar da ni baya, tambayar farko da zan yi kafin in zaɓi kamfani ita ce: wa ke saita wannan a Najeriya, a wane gari, kuma a ina ake samun kayan gyaransa?

Koyon ji kuwa a gida aka yi shi. Littattafan horon da aka ba mu duk da Turanci suke, ni kuma Hausa nake son in ji. Sai muka tsara namu. Doka ta farko, na'ura tana kaina daga farkawa har kwanciya, ko tana ba ni haushi. A makonnin farko zuwa la'asar kaina yakan yi nauyi kamar na yini ina gyaran takardun jarrabawa, in cire ta rabin awa in mayar. Wanda ke sawa sai in baƙi sun zo ba zai taɓa sabawa ba.

Kowace safiya babbar 'yata, tana shekara tara a lokacin, takan tsaya bayana ta furta sautuka shida: mmm, uuu, aaa, iii, shhh, sss. An zaɓe su ne don sun ratsa magana daga mafi kauri zuwa mafi siriri. In na maimaita duka, na'ura lafiya. In sss ta ɓace, to ko makirfo ya toshe ko saiti ya motsa. Minti ɗaya ne, amma ya sha tona matsala kafin ta girma. Daga nan sai kalmomi. Ta rufe bakinta da faifan tuwo don kada in karanta leɓe, ta fara da abin da na san iyakarsa: ranakun mako, lambobi, kayan miya. "Umma, kuɓewa na ce, ba kabewa ba," sai ta ƙyalƙyale da dariya. Minti ashirin da safe, ashirin da dare. In an wuce haka gajiya ce kawai.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne karatun Alƙur'ani. Na san surorin da ka, na san abin da zai biyo bayan kowace aya. Sai in kunna karatun mai jan baƙi a hankali, in buɗe mushafi ina bi da yatsa. Ranar farko hayaniya ce zalla. A mako na biyu na fara gane inda aya ke ƙarewa. Wata ranar Juma'a, a cikin Fatiha, maddin ƙarshe ya fito mini sak, da muryar mutum, ba ta 'yan tsaki ba. Na mayar da shi baya ya fi sau ashirin. Duk rubutun da mutum ya haddace zai yi wannan aikin, domin ƙwaƙwalwa tana ɗora abin da ta sani a kan abin da take ji har su haɗu. Rediyo ya zo daga baya, don babu leɓe babu rubutu. Na fara da labaran BBC Hausa, saboda masu karantawa ba sa gaggawa kuma babu kiɗa a ƙasa. Sai da na yi wata bakwai kafin in bi labari guda daga farko har ƙarshe.

Hausa tana da nata wuyar ga mai dashe, wadda littafin Turanci bai san da ita ba. Na'urar ta ƙware wajen kawo tsawon sauti da bugunsa, amma ba ta iya kawo hawa da saukar murya sosai ba. Garin da ake zama da garin tuwo ban daɗe ba na raba su, don bambancinsu ja ne. Amma kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki, har yau in aka faɗe su su kaɗai sai in yi canke. A cikin zance ba na kuskure, don babu mai kaɗa miya da hawaye. Sai ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, ts da s. Bayan na koma aji ina bayanin ƙasusuwan jiki, wata ɗaliba ta yi tambaya a kan ƙashi, ni kuma na ji ɗaya kalmar, na haɗe rai na ce ta maimaita. Ajin ya kwashe da dariya, da na gane nima na taya su. Tun ranar na ce duk mai tambaya ta miƙe tsaye, ta bari in dube ta, sannan ta yi magana.

Wannan ita ce roƙona ga kowa: a fuskance ni, a yi magana yadda aka saba amma a ɗan sassauta, in ban gane ba a sauya kalma maimakon a ɗaga murya. Ihu ba ya ƙara komai, na'urar tana danne duk sautin da ya yi yawa, sai maganar ta murguɗe. Kalmar da ta fi yi mini ciwo ita ce "bar shi kawai, ba komai."

Hayaniya ce babbar abokiyar gaba. Mai kunne biyu yana iya tsamo murya ɗaya daga cikin goma, ni ba na iyawa. Fanka, janareta, gidan biki, kasuwa, aji mai amsa-kuwwa, duk suna haɗiye magana. Nakan zauna in ba hayaniya baya, in sa mai magana a damana. A gidan suna nakan ja wadda nake son mu gaisa mu koma lungu. Da kunne ɗaya kuma ba a sanin inda sauti ya fito. Ina jin hon, amma ban san ko daga gabas ne ko yamma ba, saboda haka ba na tsallaka titi da kunne, da ido nake tsallakawa. In yara suka kira ni a gida sun san su ce "Umma, ina kicin," ba "ga ni nan" ba. Magana a waya sai da na shekara kafin in iya, kuma ta fi fita in sautin ya shigo na'urar kai tsaye ta Bluetooth. Kiɗa kuwa bai dawo ba. Ina jin bugun kalangu, amma abin da kalangun ke faɗa ya wuce ni.

Akwai abubuwan da babu wanda ya gaya mini a Indiya, don ba su san rayuwarmu ba. Kitso na farko da na yi, faifan ya ƙi zama, saboda layin kitson ya bi ta kan wurin ya nisanta shi da fata. Yanzu mai kitsona ta san ta bar fili kamar faɗin kwalbar turare, a kwance, ba man kitso. Mayen ƙarfen faifan yana da lamba-lamba. In ya yi rauni faifan ya riƙa faɗuwa, musamman a sujada. In ya yi ƙarfi ya matse fata, ta yi ja, ta yi ciwo, har ta iya ɓulewa a kan ɓangaren ciki, wanda babbar matsala ce. Kowane dare nakan shafa wurin da yatsa, sau ɗaya a mako a duba mini da tocila. Hijabi mai kauri ko mai santsi yana gogar makirfo, in riƙa jin fuu-fuu duk juyawar da na yi, kuma yana dushe siraran sautuka. Na koma yadi mai laushi marar nauyi, ɗankwali kuma ba na ɗaure shi ta kan faifan. Wajen alwala nakan cire na'urar in ajiye a aljihu, in shafi kai da kunne, in tsane da gefen zane, sannan in mayar.

Kowane yanayi da irin ɓarnarsa. Da bazara gumi ke shiga mahaɗar batir ya sa tsatsa, sauti ya riƙa yankewa. Da damina laima. Shi ya sa kowane dare na'urar ke kwana a akwatin busarwa, in babu wuta a gwangwani mai murfi da ƙwayoyin tsotse laima. Da hunturu ƙura ke toshe marfin makirfo. Ƙa'idarsa a sauya duk wata uku, ni a hunturu ba ya kai haka, kuma toshewar a hankali take zuwa, ba za ka lura ba sai ka ga kana yawan cewa "na'am?" Hunturu kuma yana kawo tartsatsin nan da ake ji in an cire rigar leda, wanda kan iya hargitsa tsarin da ke cikin na'urar waje. Kafin in ɗauke ta nakan taɓa ƙarfen gado ko bango.

Batir mai caji, saboda yawan wutar da kunnena ke ci, yana kai ni kamar awa tara. Uku nake juyawa, ina cajinsu da 'yar sola. A jaka kuma kullum akwai na yarwa, lamba 675, biyu suna yi mini kwana biyu. A nemi wanda aka rubuta na dashe ne, domin akwai mai irin wannan lambar na ƙaramar na'urar ƙara sauti, wanda ba ya iya ɗaukar nauyin, sai ya riƙa ɗaukewa. Batirin yarwa da iska yake aiki, in an ɓare takardar bayansa a ba shi minti ɗaya kafin a saka. Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne gajeriyar wayar faifai, tana karyewa ta ciki inda take lanƙwasa. Ta taɓa mutu mini ana saura kwana uku Sallah, ba ni da wata, na yi mako biyar cikin kurumta kafin sabuwa ta iso. Yanzu ba na zama ba tare da biyu a ajiye ba. In sauti ya ɗauke, bi da bi nake bi: batir, sannan waya, sannan faifai, sannan marfin makirfo. Sau tara cikin goma a nan matsalar take, ba a cikin kai ba.

Ina yawo da katin da ke nuna irin dashen da ke kaina. Ba a shigar da ni MRI sai an duba katin an bi ƙa'idar wannan samfurin, don ƙarfin injin yana iya juya mayen ƙarfen da ke ƙarƙashin fata. In za a yi mini wata tiyata, dole likita ya sani, saboda akwai na'urar ƙona jijiyar jini da ba a amfani da ita kusa da kan mai dashe. Ciwon kunne, ko ruwa, ko kumburi a bayan kunnen, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ba na kwana da su a gida, kuma ba na ɗiga komai. Na riga na san hanyar da ƙwayar cuta ke bi daga kunne ta kai ƙwaƙwalwa.

Ɓangaren ciki an yi shi ne ya zauna shekaru masu yawa. Na waje kuwa yana tsufa, kamfani ya daina yin kayansa, dole a sauya. Na sauya sau ɗaya, da adashi na shekara biyu, kuma sabon ma sai da na yi makonni kafin in saba da muryarsa.

Ban daina zama kurma ba. In na cire na'urar da dare, ko an yi tsawa ba na ji, sai dai ƙugin nan, wanda yakan lafa in tana kaina ya dawo in na cire. Na koyi maganar hannu daidai gwargwado a wurin wasu mata kurame a unguwarmu, kuma ranar da wayar faifai ta mutu su ne suka fi kowa sanin yadda za a zauna da ni. Asuba maigidana ke tashe ni da taɓa ƙafa.

Muryoyin da na sani kafin ciwon sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta Inna ce ta fara, wajen wata na huɗu, tana faɗa da akuya a tsakar gida, na gane ta ban waiwaya ba. Ta maigidana ta biyo, da ta manyan yaran. Ban sani ba ko na'urar ce ke kawo su haka, ko ƙwaƙwalwata ce ke cike giɓin da abin da ta ajiye. Autar ce ba ni da ajiyar muryarta. Ta fara magana ina kurma, kalmarta ta farko a littafin nan mai biro aka rubuta mini ita. Muryarta ta cikin na'ura kaɗai na sani. Kwanan baya na tambayi Inna ko muryar wa ta ɗauko, ta ce tawa ce sak, ta lokacin ina yarinya, har da yadda nake jan ƙarshen magana in ina son a saya mini abu. Da dare yarinyar ta zo tana roƙon kuɗin alawa, na ce ta sake faɗa. Ta ce, "Umma, batir ne?" Na ce a'a, ki dai sake faɗa.